Hannun Labo Wanzami

Labo ɗan ƙanen uwata ne, wato taubashina, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da iko, kuma babu wanda ban riga na faɗa masa a gaban idonsa ba. Ni sunana Barira, ni ce ungozomar garinmu, wani ƙauye a ƙasar Sae Sabuwa. Shi kuma shi ne wanzamin garin. Tun muna da ƙarfinmu aikinmu a haɗe yake, ni in karɓi ɗa, shi ya aske shi. Idan mace ta sauka lafiya nakan fito tsakar gida in rangaɗa guɗa, uku in namiji ne, huɗu in mace ce. Labo yana zaurensa zai ji, ya gane daga wane gida ta fito, ya jawo zabira ya hau wasa aska tun ranar, alhali suna sai mako ya zagayo.

Wanzanci gadonsa ne. Duk wani tsoho da ka gani a garinmu da zanen Gobir a kumatu, aikin uban Labo ne. Shi Labo a jikin duma ya koyi aski, ubansa na tsaye da tsumagiya, in ya karce ɓawon ya sha duka. Haka ya tashi da hannu mara nauyi. Na sha ganin jariri ya yi barci ana cikin aske masa kai. Abin da yake tinƙaho da shi kenan, cewa tun da ya fara askin suna bai taɓa fitar da ɗigon jini a kan ɗan wani ba, kuma gaskiya ce, ni shaida ce don ni ke riƙe masa yaran. Sai dai Allah ya haɗa masa wannan hannu da taurin kai irin wanda ban taɓa gani ba. Idan Labo ya ce ya san abu, to ka tashi ka ba shi wuri.

Sana'ar kuwa a kan idonsa ta riƙa zagwanyewa. Zane aka fara bari, iyaye suka ce ana yi wa 'ya'yansu dariya a lakol, wato makarantar boko. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na gidan likitanmu, ya hana cire beli. Kaciya ma ta koma wurin majo. Samari suka gano masu askin inji a Gidan Rumji, ran kasuwa su je a zana musu layi a kai su dawo suna taƙama. 'Ya'yan Labo maza biyu babu wanda ya taɓa aska, ɗaya yana kabu-kabu a Maraɗi, ɗaya ya bi masu neman zinariya arewa. Abin da ya rage masa shi ne kawunan tsofaffi, da ƙaho jefi-jefi, da askin suna.

Shi askin suna a wurinmu ba a kiran wanda aka ga dama. Kowane gida da wanzaminsa na gado, kakan wannan ya aske kakan wancan. Gidajen Labo sun yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya, amma babban cikinsu yana nan, gidan Sarkin Noma Rabo. Uban Labo ne ya yi wa Rabo zane, Labo ne ya aske 'ya'yan Rabo duka. Muddin yana da wannan gida, ana kiransa Sarkin Aska ba da ba'a ba.

Jaki ne ya ja masa. Wata rana da kaka ya hau amalanken maƙwabcinsa za su kasuwar Gidan Rumji, a hanya jakin ya hango wani jaki suka kaure da faɗa. Babu wanda ya aiki Labo, ya diro zai raba, jakin ya cafki bayan hannunsa na dama ya yage fatar. Da wani ne da ya wuce wurin majo. Shi kuwa wanzami ne, wa zai koya masa ciwo? Ya wanke da ruwan bagaruwa, ya fasa kafso irin na 'yan tebur ya barbaɗa, ya ɗaure da tsumma. Da hannun ya kumbura ya tsattsaga shi da kansa wai ya fitar da mugun jini. Idan na tambaye shi sai ya ce da sauƙi, ya ɓoye hannun cikin riga.

Matarsa Tani ce ta zo ta same ni tana hawaye.

"Yaya Barira, ki zo ki gani da idonki. Ɗakin ba ya shiguwa, kuma ya hana ni faɗi."

Na karɓi haihuwa iri-iri, na ga abin da mutane da yawa ba su gani ba, amma da na kwance tsumman nan sai da na kau da kai. Bayan hannun ya ruɓe ya zama rami, jijiyoyin yatsu ga su nan farare a fili, mugunya na tsatsa ta gefe. Jikinsa zafi rau. Na zage shi tas, irin zagin da taubashiya kaɗai ke iyawa, bai ce uffan ba. A nan tsoro ya kama ni, don Labo ba ya barin bashin magana.

Majo ya duba sau ɗaya ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a kai shi Maraɗi. Muka dace akwai likitocin gyaran jiki da suke zuwa wani asibiti lokaci-lokaci. Wanda ya karɓe mu ɗan ƙasarmu ne, Hausarsa garau, mutum mai sanyin baki. Suka yi ta wanke ciwon suna yanke mataccen nama, suna yi masa allurai, har zazzaɓin ya sauka. Sannan suka yi wani abu da ya fara dawo wa Labo da bakinsa. Sukan ɗebi jininsa a kwalba, su sa a wani inji ya juya shi har ya rabu, su kwashi ruwan rawaya na sama su zuba a bakin ciwon. Likita ya ce a cikin ruwan nan akwai ƙwayoyin da ke sa nama ya tofo.

Labo ya dube ni ya ce, "Kin gani ko, Barira? Shekara da shekaru ina jan jini da ƙaho ina binnewa bayan gida, ashe magani nika zubarwa."

Gefen ciwon ya yi ja, ya daina wari, amma ramin bai rufe ba. Likita ya zauna bakin gado ya yi mana bayani. Ya ce jijiyar da ke fili ba ta karɓar siririyar fata, sai an rufe ta da nama mai jininsa, in ba haka ba za ta bushe, yatsun su mutu. Za su ɓanɓaro fata da kitsenta daga gefen marar Labo, amma ba za su cire ta gaba ɗaya ba, za su bar gindinta a jiki. Sai su kawo hannun su ɗinke ta a kansa. Hannun zai zauna manne da ciki har mako uku.

"Baba, ka ji ni da kyau," in ji likita. "Duk tsawon lokacin nan daga cikinka fatar za ta riƙa shan jini. A hankali hannun zai miƙa mata nasa. Sai ya iya ciyar da ita shi kaɗai sannan mu raba su. Kada ka ja, kada ka taɓa."

Ni nan take na gane, don cibiya ce ya kwatanta mini. Labo kuwa ya gyaɗa kai irin na wanda ake gaya wa abin da ya riga ya sani.

Aka yi aikin lafiya. Da suka ga fatar ta yi kyau suka ce ya koma gida, majo ya riƙa zuwa yana wanke masa, ranar da wa'adi ya cika ya dawo. Muka dawo da shi da hannu a ƙugu kamar mai shirin faɗa.

Zaman gida ya fi masa asibiti wuya. Ciwon bai dame shi kamar kunya ba. Mutumin da ya tsufa bai taɓa kai loma da hagu ba, ga shi yana cin tuwo da ita, don haka ya hana kowa zama kusa in zai ci. Masu zuwa dubiya su miƙo hannu, shi ya miƙa musu hagu yana ba da haƙuri. Labari ya bazu har ƙauyukan Fulani cewa an ɗinke hannun wanzami da cikinsa, mutane suka riƙa zuwa da sunan gaisuwa, idonsu na kan rigarsa. Masallaci ya daina zuwa. Ni kaɗai ke sa shi murmushi. In na shiga sai in ce, "Ina kwana mai goyo? Yaya ɗan naka, yana tsotso?" Ya ce in fita masa daga gida, in zauna.

Ana cikin haka matar Abdussamad, babban ɗan Sarkin Noma Rabo, ta haihu. Namiji, jikan fari a ɗakin. Na fito na yi guɗa uku kamar yadda na saba. Tani ta ce mini Labo yana kwance ya ji, ya tashi zaune, ya ce ta miƙo masa zabira.

Da aka lissafa, suna zai faɗo alhali wa'adin likita da sauran kusan mako guda. Rabo da kansa ya tako har zauren Labo, ina wurin. Mutumin kirki ne, kuma da kirki ya zo.

"Sarkin Aska, ka kwantar da hankalinka ka warke. Wanga karo yaron nan Abdussamad ya ce shi kira abokinshi Fahad, mai shagon aski na Gidan Rumji. Kason wanzami na naman suna kuwa naka ne, har gida za a kawo ma."

Labo ya yi godiya, ya raka shi da addu'a. Rabo na fita fuskar Labo ta canza.

"Kin ji ko? Wanga karo. Gidan Ɗan Baba ma wanga karo sunka ce. Gidan liman ma haka. Wanne ya dawo?"

Na ce masa Rabo ba haka yake ba. Ya ce Rabo tsoho ne, gida na Abdussamad ne gobe, kuma duk wanda ya aske ɗan fari shi zai aske na biyu. Ban iya ƙaryata shi ba, don abin da ya faɗa haka yake.

Ana jibi suna na shiga na same shi ya kwance ƙyallen da majo ya naɗa, yana duban fatar. Ta yi kyau ƙwarai, ta kwanta luf a bayan hannun, bakin ɗinkin ya haɗe. Ya ɗauki ƙaramar askar tsaga da hagu, kafin in yi magana ya ɗan soki tsakiyarta. Jini ya ɓullo ja wur.

"To, ungozoma, mi kika gani? Naman da bai kama ba shina jini haka? Ni da jini munka tsufa. Mataccen jini baƙi ne, mai nauyi. Wanga rayayye ne. Ya kama."

Na ce, "Kai dai wanzamin banza ne. Jinin cikinka ne kake gani, ba na hannun ba. Ɗa ma yana motsi a ciki, amma ban taɓa yanke cibiya don na ga yana motsi ba. Lokotoron asibiti mako uku yac ce."

"Lokotoro yaro ne, kuma su kullum sai sun ƙara kwanaki don tsoro. In na yi kaciya nakan ce kwana goma, alhali na san bakwai ta warke."

Wannan ita ce matsalar. Ba jahilci ne ya ci Labo ba, sani ne. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne a aikinsa, sai dai wannan ba aikinsa ba ne. Na yi masa rantsuwa in ya taɓa sai na tara masa jama'a. Na ja Tani gefe na ce ta ɓoye zabirar, ta kai ta cikin rumbu ta tura ƙarƙashin damman gero. Mun manta wanzami ba ya rasa aska ɗaya a ƙarƙashin tabarma.

Ana gobe suna, da la'asar, Tani ta tafi rijiya. Kafin ta dawo ya gama. Ya ɗaure gindin fatar da zare, ya yanke da hagu, ya danne bakin da ke cikinsa da garin bagaruwa da tsumma har jinin ya tsaya. Ta same shi jingine da bango, zufa ta jiƙa shi sharkaf, hannun na kan gwiwarsa yana ƙoƙarin motsa yatsu. Da aka kira ni ban zage shi ba. Na ce mu tafi wurin majo yanzu. Ya ce sai ya yi aski, ko da za a ɗauke shi a makara daga can.

Da safe bayan an raɗa suna aka shimfiɗa tabarma a tsakar gidan Rabo. Fahad ya riga ya iso a kan babur da 'yar jakarsa. Sai ga Labo ya shigo cikin babbar rigarsa ta salla, zabirar da ya sa Tani ta fiddo daga rumbu a kafaɗa, hannun dama a waje an naɗe shi da farin ƙyalle. Kowa ya juyo yana kallonsa. Rabo ya miƙe tsaye. Shi kuwa Fahad, ban da abin da zan ce da shi sai alheri, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ja baya ya ba shi wuri.

Na zauna na rungume jaririn kamar kullum. Labo ya durƙusa, ya jiƙa kan da ruwan ɗumi da sabulu, da hagu. Ya zaro askar da ubansa ya bar masa, ya ɗora ta a hannun dama, ya lanƙwasa yatsun a kanta da ɗaya hannun. Sun riƙe. Na ga farin ciki ya bayyana a fuskarsa. Ya kawo askar har ta kusa taɓa gashin, daidai maɗiga, inda ƙashi bai haɗe ba, inda kake ganin fatar na bugawa.

Sai bakin askar ya fara rawa. Kaɗan ne, na tabbata waɗanda ke tsaye ba su gani ba. Ni na gani, shi ma ya gani. Ya janye, ya ja numfashi, ya sake kawowa. Ta sake rawa. Hannun da ya daɗe a ɗaure ya sandare tun daga kafaɗa, yatsun ba sa jin abin da suka riƙe. Na ƙanƙame yaron, don na san taurin kan mutumin nan, kuma ɗan mutane ne a hannuna.

Ya daɗe a haka. Sannan ya sauke askar a kan tabarma a hankali.

"Fahadu," ya ce, "zo ka aske ɗan abokinka. Ka bi maɗiga sannu."

Ya matsa gefe ya zauna, ya kalli askin tun daga farko har ƙarshe. Da aka gama ya yi wa yaron addu'a, ya tashi ya fita, bai tsaya cin komai ba. Ban taɓa jin tausayin mutum da haushinsa a lokaci guda kamar ranar ba.

Kafin azahar muna wurin majo. Da ya kwance ƙyallen, fatar da ta yi jini ja shekaranjiya ta koma fari fat, sanyi ƙalau. Kafin mu isa Maraɗi ta fara shuɗi, daga baya ta yi baƙi daga tsakiya, sai ɗan gefe-gefe ne ya rayu. Ciwon ya sake ruɓewa, wannan karon har ya shiga jijiyoyin. Likita bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dubi yankan da ke cikin Labo ya tambayi wanda ya yi, aka gaya masa. Sai ya ce, "Baba, saura kaɗan fa."

Sun yi iya ƙoƙarinsu. Suka sake wankewa, suka sake juya jininsa suna zubawa, suka cire jijiyoyin da suka mutu, daga baya suka ɗebo siririyar fata daga cinyarsa suka rufe wurin. Hannun bai tafi ba, yana nan a jikinsa. Amma yatsu uku sun lanƙwashe sun ƙafe, babban yatsa da manuni ba sa haɗuwa. Ko allura ba ya iya ɗauka, balle aska.

Rabo bai daina aiko masa da kason wanzami ba duk sunan da aka yi a gidansa, kuma Labo bai taɓa mayarwa ba, sai dai Tani ta ce ba ya cin naman. Yana zuwa masallaci yanzu. Ya saba da ci da hagu. Kansa Fahad ke aske masa in ya shigo gari, kuma har yau sai Labo ya gaya masa inda ya bari. Ni da shi muna nan muna zagin juna, amma ban taɓa yi masa wasa da hannun ba, shi ma bai taɓa cewa na faɗa masa ba.

Bara da damina na karɓi haihuwa a gidan da ke jikin nasa. Jariri ya sauka, ina cikin aiki aka ce ruwan zafi ya ƙare, wata ƙanwar mai jego ta fito ta yi guɗa a madadina, ni kuma na zagaya gidan Tani in ɗebo garwashi. Ta zaure na bi. Na same shi ya riga ya miƙe tsaye, fuskarsa a sake, ya kai hannun nan ga ƙusar da zabira ke rataye, yana ƙoƙarin kama igiyar, yatsun na zamewa. Ya yi sau biyu kafin ya tuna. Da ya juyo ya gan ni sai ya ce wai ƙura yake kaɗewa.

Tun daga ranar ban sake yin guɗa ba, kuma in haihuwar a unguwarsu ce nakan roƙi matan gidan su bari. Mutane suna cewa tsufa ne ya cinye mini murya, ni kuma ban gyara musu ba.